Rigar Ulu a Kan Ƙusa

Ran Asabar na hau jirgin ruwa zuwa Puerto Montt
da laima mai karyayyen haƙarƙari
da littafin rubutu da ruwan sama ya riga ya lasa.
A wani ɗaki mai ƙamshin kofi da jiƙaƙƙun riguna
Dakta Oyarzún ta haska mana ƙwaƙwalwa a bango,
ja nan, shuɗi can,
kamar taswirar garin da duk muke ciki
amma ba wanda ya san sunan unguwanninsa.

Ta ce barci ba zaman banza ba ne.
Da dare kai ke kwashe kayan yini
daga bakin ƙofa zuwa ɗakin ajiya.
Ta ce kada mu tsine wa mantuwa.
A bar darasi ya fara dushewa,
sannan a sa yaro ya lalubo shi da kansa,
don hanyar da ake bi ba ta yin ciyawa.
Ta ce tsoro ƙaton mai gadi ne,
in ya tokare ƙofa
ko ɗaya da ɗaya ba ya samun wucewa.

Na rubuta duka.
Na ja layi biyu a ƙarƙashin barci.

Litinin, a tsibirinmu.
Yara goma sha tara, murhu ɗaya,
da tagar nan da ta ƙi rufuwa tun bara.
Fermín ya kifa kai a kan tebur
kafin in gama kiran suna.
Hannunsa na ƙarnin teku.
Tun huɗu na asuba yake cikin kwalekwale
yana taya babansa jan koma.

A da, da na buga rula a tebur.
Yau na zare rigar ulu daga ƙusa
na lulluɓe masa baya.

Noelia ta ce, malama, wannan son kai ne.
Na ce, na ji. Rufe littafinki,
gaya mini abin da muka yi ran Alhamis.
Ta kalli rufi. Ta ciji fensir.
Shirun ya yi tsawo,
bakina na ƙaiƙayi in miƙa mata amsa,
na danne harshe da haƙori.
Can sai ta ce, rabi... a'a, tsaya,
kashi uku cikin huɗu!
Ta yi dariya kamar ta tsinci kuɗinta
a aljihun tsohuwar riga.

Ba duka ya yi ba.
Ulises har yanzu kuka yake in ya ga allo,
na sassauta murya, na canza masa kujera,
mai gadinsa bai matsa ba.
Shugaban makaranta ya ce jadawali jadawali ne,
lissafi ƙarfe takwas, haka takarda ta ce.

Da yamma na ba Herminia labari,
tsohuwar da ke saƙa a bakin gaɓa.
Ko ɗago kai ba ta yi ba.
Ta ce, sai da kika biya kuɗin jirgi?
Ni in na koya wa jikata saƙa
warwarewa nake yi, in ce ta dawo jibi.

Na fara wa Dakta wasiƙa, ban gama ba.
So nake in tambaye ta
wane launi sanyin huɗu na asuba ke yi a hoton nan,
kuma ta wane ɓangare bashin inji ke shiga kan yaro.

Laraba, sha ɗaya saura kwata,
na saci lissafi na kai shi bayan tara.
Fermín ya farka, zanen hannun riga a kumatunsa.
Na ce, kifi talatin, mutum uku.
Ya mutsittsike ido, ya ce,
malama, ai ba uku ba ne.
Kwalekwale ma yana da kasonsa.

Na goge allo. Na ba shi alli.